Awon Baƙuwa

Daga asibiti, ɗakin masu jego

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zafin ƙarfe, da fatan tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. Ni ga ni da raina, alhamdu lillahi. Inna tana tare da ni, ta ce a gaishe ka. Yanzu ka nemi wuri ka zauna, don na san halinka, a tsaye kake karanta wasiƙa, gilashin walda a goshi.

Na haihu. Mace ce. Na san ka fara lanƙwasa yatsu kana ƙirgen wata, to kada ka wahalar da kanka, bakwaini ce. Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga faya ta fashe. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya kawo mu, ko takalmi ban saka ba. Da ta faɗo ban ji kuka ba, sai wani ɗan siririn sauti kamar na ɗan kyanwa, kafin in ɗaga kai sun fice da ita da gudu.

Tana cikin kwalba. Akwatin gilashi ne mai ɗumi, da 'yan tagogi biyu na zura hannu. Sun sa mata roba a hanci, ta nan ake ɗura mata nonon da nake tatsa. Akwai wata waya ɗaure a ƙafarta, haɗe da na'ura, idan numfashinta ya yi ƙasa sai na'urar ta ɗauki ƙara. Duk ƙarar da aka yi a ɗakin nan, ko ta kwalbar wani ce, sai na miƙe na leƙa tata. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta ta cikin fata. Kunnenta idan ya lanƙwashe haka yake zama sai an miƙe mata shi.

Jiya Sista, babbar ma'aikaciyar ɗakin, ta bar ni na zura hannu. Ka san ni, ban iya ganin mutum ban auna shi ba. Tef ɗina yana gida, sai na zaro zare daga bakin zanina, na shimfiɗa shi a gefenta daga kai zuwa diddige, na tsinke da haƙori. Ga shi nan a naɗe cikin takardar. 'Yarka ke nan gaba ɗayanta. Ina ce mata Baƙuwa, saboda ta zo ba sallama, kuma har yanzu ban san ko zama ta zo yi ba.

Sai maganar kaya. Mun yi da kai sai ka zo hutu mu shiga kasuwa tare, ka ga yanzu ko safa babu a gidan. To ka ji ni da kyau, kada ka sayi komai. Ba rowa ba ce. Ba na son in koma gida in tarar da gado da baho sun zuba min ido, ni kuwa hannuna babu kowa. Ka bari mu ga abin da Allah zai yi.

Direban motarku ya ce duk zuwan da zai yi ɗaukar gas zai biyo ta nan. Ka ba shi amsa. In da hali ka zo da kanka, tsoro nake ji.

Matarka,
Tela


Daga sansanin aikin gada

Telata,

Wa alaikumus salam. Sannu, sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana ita. Ki gaishe min da Inna, ki ce na gode, Allah ya saka mata. Tari ya tafi, ko kuma na manta da shi, ban sani ba.

Ban zauna ba kamar yadda kika ce, ƙafafuna ne suka zaunar da ni. Na warware zaren nan a kan cinyata, na sake duba takardar ko wani guntun ya maƙale a ciki. Bai kai daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsuna ba. Ranar duk waldar da na yi sai da foman ya sa aka kankare.

Na je wajen manaja. Ya ce babu mai waldar da zai bar nan sai an haɗe tsakiyar gadar, tun kogi bai cika ba. Wanda ya tafi ya tafi ke nan, kuma ran da ya tafi katin asibitinsa ya mutu. Kin san da katin kamfanin nan Baƙuwa take kwance a kwalbar. Na tsaya a gabansa kamar in shaƙe shi, da na tuna haka sai na ce na gode. Abin da ya yi min dai, ya ba ni wayar ofishinsa, wadda ita kaɗai ke kamawa a tsakanin duwatsun nan. Na kira taki a kashe, na san ba a shiga wajen jarirai da waya. Na kira lambar da ke bayan kati, aka yi ta miƙa ni hannu-hannu har aka haɗa ni da likitan yara. Ya yi min bayani, na fahimci komai. Ke dai ki kwantar da hankalinki ki ci abinci, sauran ki bar min. Zan yi abin da ya kamata uba ya yi.

Kin ce kada in sayi komai, amma ba ki ce kada in duba ba. Ranar hutu na bi motar kasuwa zuwa garin da ke ƙasanmu. Akwai wani shagon kayan jarirai. Wallahi ban taɓa sanin mutumin da bai kai tsawon hannu ba yana da buƙatu haka ba. Gado mai lilo. Keken turawa mai rumfa, har da birki. Baho mai siffar agwagwa. Fida kala-kala, da tukunyar dafa fidar, da burushin wanke fidar. Na ga wani takalmi mai fitila a diddige, na ce wa mai shagon ina za ta da shi, gadi za ta yi? Matar ta ce duk uban da ya san ciwon kansa ba ya barin ko ɗaya. Na tsaya tsuru-tsuru. Duk abin da na ɗaga sai in ji kamar shi ne zai riƙe min ita a duniya, in na ajiye sai in ji na yi sakaci. Gadon ne kawai bai ruɗe ni ba. Na juya shi na duba haɗinsa, waldar banza ce, wannan kam ni zan ƙera mata da hannuna.

Ki faɗa min tsakani da Allah, cikin tarkacen nan wanne ne na gaske, wanne ne na yaudarar matsorata irina? Ba na iya zama haka ban yi mata komai ba. Zaren yana aljihun ƙirjina, da shi nake hawa gada.

Naki,
Mai walda


Daga asibiti

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Jikina da sauƙi. Inna ce ƙafarta ta kumbura da zaman benci, na ce ta koma gida ta huta ta ce sai dai in ni ce zan kore ta da sanda.

Me likitan ya faɗa maka? Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. "Na fahimci komai." Me ka fahimta? Ni da nake wuni a ƙofar ɗakin ban fahimci komai ba. In na tambaye su sai su ce, "Muna bakin ƙoƙarinmu, Mama, a ci gaba da addu'a." Na nemi wanda ya yi magana da kai, aka ce an tura shi kwas. Na san halin likitoci, uwa su ba ta murmushi, uba su ba shi gaskiya. In akwai abin da ya ce maka, ka rubuto min shi yadda ya faɗa, kada ka rage masa kaifi.

Shekaranjiya ta manta da numfashi. Haka Sista ta kira abin, wai bakwaini sukan manta. Ina tsaye na'ura ta ɗauki ƙara, na ga leɓenta ya koma shuɗi-shuɗi, ƙirjin ya tsaya cak. Sista ta zo, ba ma da gudu ba, ta zura hannu tana murza mata tafin ƙafa, tana cewa, "Haba 'yan mata, wa ya ce ki tashi daga aiki?" Sai ƙirjin ya ɗaga. Ni kuwa a ƙasa aka tsince ni.

Akwai wata a gadon da ke kusa da nawa, Maƙwabciya nake ce mata. Nata namiji ne, ya riga Baƙuwa shiga kwalba, ya ma fi ta girma. Mijinta ɗan dako ne a tasha, da leda ɗaya suka zo asibitin. Tare muke tatsa, tare muke zuwa leƙe. Na karanta mata zancen takalmi mai fitila, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ita ce dariyar farko da na ji a ɗakin nan.

Ga amsar tambayarka, Injiniya. Keke mai birki ina za ta da shi, ita da ko kwalba ba ta fita ba? Fida kuwa Sista ta ce ko ganinta ba ta son yi. Yarinyar da famfas mafi ƙanƙanta sai an ninka shi yake zama a jikinta, me za ta yi da agwagwa? Maganata tana nan, kada ka sayi komai. Abu ɗaya nake so daga wajenka, abin da likita ya ce.

Matarka,
Tela


Daga asibiti

Maigida,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Lafiyata kada ka tambaya.

Direba ya kawo ƙunshi. Na ce ina takarda, ya lalube aljihunsa ya ce wannan kawai ka ba shi, kana sauri. Na kwance a gaban Inna. Farin yadi ne mai laushi, ƙyalle uku a ninke, zaren da na aika maka yana kwance a samansu.

Ni tela ce, Maigida. Kafin zuciyata ta ce kada in yi, hannuna ya riga ya ɗora zaren a kan yadin. Tsawon Baƙuwa ne, da ƙarin taƙi ɗaya a sama, taƙi ɗaya a ƙasa. Sau nawa aka buga min ƙofa aka miƙo min farin yadi aka ce in taimaka in yanka? Ni na yanka wa tsohuwar gidan bayanmu, ni na yanka wa ɗan mai wanki da ƙyanda ta ɗauke. Haka ake yi, a auna tsawon mutum a bar na ɗauri sama da ƙasa. Inna ta juya baya tana gyara kwanukan da babu abin da ya same su.

Ashe abin da ya kamata uba ya yi ke nan. Ashe shi ya sa ka ce in ci abinci in bar maka sauran. Na ce kada ka sayi komai, ka tsallake gado, ka tsallake safa, ka sayo wa 'yata likkafani tana numfashi. Ka kuma dawo min da zaren, wato ka gama da shi. Ko layi ɗaya ba ka iya haɗowa ba, sai ka bar yadi ya yi min magana.

Na tafi ɗakin kwalba a guje, ko hannu ban wanke ba, Sista ta tare ni a ƙofa. Na ce ta faɗa min kwana nawa suka ba ta. Ta ce, "Wa ya gaya miki haka? Mu nan ba ma ba kowa kwana." To dama me za ta ce? Na leƙa ta gilashi, ga ta nan tana barci, hannu ɗaya a kan kunne, yadda kake yi.

Na cusa ƙunshin a ƙarƙashin katifa. Na kasa yar da shi, don in abin da ka sani ya tabbata zan buƙace shi. Na kuma kasa kallonsa. Nonona ya ɗauke tun jiya, na matsa na matsa, ko rabin abin da suke so bai fito ba, ita kuwa ba ta da wani abinci sai shi.

In ka san wani abu ka faɗa min, zan iya ɗauka. Wannan shirun ne ba zan iya ba.

Tela


Daga asibiti

Maigida,

Ina fatan kana lafiya. Direba ya dawo ya ce ruwa ya cinye hanyarku, ya kuma kayar da turken wayar ofis, motarsa tana nan cikin gari sai an gyara. Wasiƙata tana cikin motar. Wannan ma can za ta je ta kwanta, amma in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Ɗan Maƙwabciya ya rasu jiya da hantsi. Shi da ya fi Baƙuwa girma, shi da ake cewa ya kusa fita. Muna zaune muna tatsa aka leƙo aka kira ta. Ta ajiye kofin a hankali don kada ya zube, ta tafi.

Mijin ya zo daga tasha, gammon dakonsa a hannu, ya manta bai ajiye ba. Aka ce ya kawo abin da za a naɗe yaron. Ya tsaya a baranda yana shafa aljihu, ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa. Ban san lokacin da na ɗaga katifa ba. Na zaro ƙyalle ɗaya na miƙa wa Inna ta kai masa. Ya ishe shi, har da saura. Da Maƙwabciya za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya bar miki taki."

Yanzu na ga yadin nan yana aikin da na ji tsoro, da idona. Saura biyu, kuma a kansu nake kwana. An cire zanin gadon da ke kusa da nawa, katifar roba ce tsirara.

Baƙuwa ta ragu a sikeli. Sista ta zaunar da ni ta ce, "Mama, in ba ki saki ranki ba nonon nan ba zai dawo ba, ke ce za ki ja mata." Na ce ta nuna min inda ake sayar da sakin rai in saya. Ina shan ruwa, ina cin duk abin da Inna ta miƙo, ba na jin ɗanɗanon komai. Duk wanda ya shigo ɗakin nan da farar riga sai na kalli bakinsa.

Ban san ko fushi nake yi da kai ba ko nemanka nake. Ka yi magana.

Tela


Daga sansanin aikin gada

Telata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hanya ta buɗu, direba ya ba ni wasiƙunki biyu a haɗe, na karanta su a gindin mota. Lafiyata ƙalau, amma da ma duka aka yi min. Kafin in ce komai, ki karanta wannan takardar da na liƙa a ƙasa. Ita ce ya kamata ta zo da ƙunshin. Ranar ina ɗaure shi aka busa usur ɗin hawa gada, na miƙa wa direba yadi, na karɓi wasiƙarki mai tambayar likita na cusa a aljihu na ruga. Da yamma na zaro taki, sai ga tawa ta biyo ta. Na ce ba komai, zuwa na gaba in haɗa da amsa. Sai ruwa ya sauko. Ga ta nan, ko waƙafi ban canja ba:

"Telata, na karya dokarki, ki yi haƙuri. Likita ya ce min ƙirjin Baƙuwa lokaci kawai yake so, kuma babban abokin gabanta sanyi ne. Ya ce ran da za ta fita daga kwalba za a nemi hula da riga daidai jikinta, su ba su da su, in tanada tun yanzu. Ban faɗa miki ba don na san za ki hana. Na koma shagon nan da zaren, na auna kowace riga, mafi ƙanƙantar sai a zuba Baƙuwa biyu a ciki. Na ce ni da nake da tela a gida me nake yi a nan? Na tsallaka wajen mai yadi. Na ɗauko wani ja mai furanni, ta ce a'a, rini yana cin fatar bakwaini, in ɗauki farin auduga. Ta ce nawa za a yanka, na ce ban sani ba, ga dai tsawon yarinyar. Ta ɗora zaren ta ƙara taƙi sama da ƙasa saboda kalmasa. Na ce ta yi uku, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a shanya. Kin ga mijinki ya fara hankali. Ga zarenki nan don ki yi awo, amma aro na ba ki, ki dawo min da abina."

Iyakar abin da likita ya ce ke nan, wallahi tallahi, ban rage ko harafi ba. Ya ce ba zai yi min alkawari ba, amma ya ga waɗanda ba su kai ta ba sun tashi. Da na rubuta na fahimci komai, sanyi da hula nake nufi.

Ni da na sha tsayawa a kan gawa, yaya aka yi na riƙe farin yadi a yanke ban ga abin da kika gani ba? Ina ta tambayar kaina. Riga kawai nake gani a cikinsa, har ina murna a mota kamar wawa. Na bar ki kina kwana a kan abin nan, na ɗauke wa 'yata abincinta da hannuna. Ki yafe min. In kina so ki ƙone sauran biyun, ki ƙone.

Allah ya ji ƙan ɗan Maƙwabciya, ya ba su haƙuri.

Yanzu ni ne ban san komai ba. Wasiƙarki ta ƙarshe ta daɗe a mota, kin ce tana raguwa. Ban san ko yau da nake rubutun nan tana nan ba. Na roƙi direba ya juya gobe ko babu kaya. Ko kalma ɗaya ce ki ba shi.

Naki,
Mai walda


Daga asibiti

Injiniya,

Assalamu alaikum. Tana nan. Na sa wannan a farko don kada ƙafafunka su sake zaunar da kai. Ni ma lafiya, Inna ma ƙafa ta saɓe.

Na karanta takardarka a baranda, na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka, har mai shara ta tsaya tana kallona. Na karanta wa Inna, ta ce, "Ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a shanya. Allah ya shirya min yaron nan." Ita ma ashe tun ranar ba ta barci. Na yafe maka, amma ka sani har ka tsufa sai na riƙa tuna maka. Ka je kasuwa ka dawo da abin da ya kusa kashe matarka, mai shagon agwagwa ma ba ta yi wannan ɓarnar ba.

Ban ƙone su ba. Na ɗaga katifa na fito da su, Inna ta wanke ta shanya a rana, ta aro min almakashi wajen Sista. Na daɗe riƙe da almakashin. Da na fitar da wuya na fitar da hannu, sai na ga ya zama riga. Da allura na ɗinka, riga biyu masu buɗewa ta gaba, hula uku daga ragowar. Na kasa barinsu fari fat, sai na zaro jan zare daga zanina na bi bakin kalmasar ta waje, inda ba zai taɓa fatarta ba. Ranar da yamma nono ya kawo har ya jiƙa min riga. Na ukun da ya tafi da ɗan Maƙwabciya ba na da-na-saninsa. Shirmenka ya suturta ɗan wani.

Ta fara hawa a sikeli, kaɗan-kaɗan. Yanzu suna fito da ita su kwantar min a ƙirji, fata da fata, hularka a kanta, a ɗaure mu da zani. Nauyinta bai fi na ƙunshin zare ba, amma ina jin numfashinta a jikina. An cire robar hanci, da ɗan kofi take sha, tana tsuke fuska kamar manajanku.

Kada ka ɗauka tsoro ya tafi. Jiya ma ta ɗan manta, ni na murza mata ƙafa da kaina kafin Sista ta iso. Sun fara zancen sallama, shi ne sabon abin da ke tsinka min zuciya, don na'urar nan da na tsana ba za ta bi mu gida ba. Na tambayi Sista ko ana sayar da irinta, ta ce, "Ƙirjinki ne na'urar, Mama." Ban san ko zan iya ba.

Tunda hannunka yana ƙaiƙayi, ga abin da za ka saya, ni da Sista muka tace. Gidan sauro, wannan dole ne. Ma'aunin zafin jiki, irin na sawa a hammata. Safa mafi ƙanƙanta da ka samu, ko ta yi yawa zan rage ta da allura. Filas na ruwan ɗumi, don namu murfinsa ya fashe. Baho kuwa robar wankinmu ta isa, Sista ta ce ma ba yanzu za a fara tsoma ta a ruwa ba. Hoda da turare ko kyauta aka ba ka ka bar su a can. Keke mai birki ka gaishe shi. Gadon ka ƙera, ba na hana ka, amma ka yi a hankali, za ta daɗe ba ta bar ƙirjina ba. Ka yi masa katifa mai tauri, babu matashi.

Zarenka na aro ba zan dawo da shi ba, ya gama aiki. Ga sabo nan a cikin takardar, yau da safe na auna. Ka ɗora shi a hannunka ka gani, ya fi wancan da faɗin yatsa biyu. Ka koma wajen mai yadin nan ka sayo jan nan mai furanni, zan wanke shi sau da yawa kafin ya taɓa ta, a kan farar za ta sa. Ka ce wa matar kada ta yanka, ta ba ka shi a dunƙule. Ni zan yanka da kaina, don kafin ya iso wannan zaren ma ya yi mata kaɗan, in sha Allahu.

Kuma ka sa takardar a cikin ƙunshin tun kafin ka ɗaure.

Matarka,
Uwar Baƙuwa